Tsarin Alamomi da Manhajar Kwamfuta a Matsayin Kayan Aikin Tunani

1.0 Gabatarwa

An saba ɗaukar rubutu a matsayin rumbu: mutum ya yi tunaninsa ya ƙare, sa'an nan ya zuba shi a takarda don kada ya salwanta. Wannan fahimta tana da gaskiyarta, sai dai ba ta game dukan aikin rubutu ba. Tarihin lissafi da na kwamfuta ya nuna cewa akwai tunanin da ba ya samuwa sai an tanadi alamomin da za su ɗauke shi, kuma sau da yawa sauya alama kan mayar da aikin da a da sai gwani ya zama aikin ɗan makaranta.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hakan ke faruwa. Za a bi ta kan misalai huɗu, wato lambobin Indiya, da alamomin aljabara, da harshen kwamfuta na APL, da jadawalin lissafi na kwamfuta. Daga nan za a duba hasarar da ke tattare da kowace riba, a ƙarshe kuma a kawo abin da ya shafi masu tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da littattafan yaƙi da jahilci.

Abin da ake nufi da "tsarin alamomi" a nan shi ne jerin alamomin da aka amince da su tare da ƙa'idojin haɗa su, kamar haruffa ko lambobi. "Manhaja" kuwa ita ce jerin umurnin da aka rubuta wa kwamfuta, haɗe da fasalin da take bayyana ga mai aiki da ita.

2.0 Iyakar abin da hankali ke riƙewa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. A 1956 George Miller na Amurka ya ƙiyasta shi da abubuwa bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake nazarin al'amarin, ya ga adadin ya fi kusa da huɗu. Ko wanne aka ɗauka, ma'aunin ƙarami ne.

Alal misali, a ce wa mutum ya ninka 48 sau 27 da ka. Babu mataki ɗaya a cikin aikin da ya fi ƙarfinsa: 8 sau 7 ya san 56 ne, 4 sau 7 ya san 28 ne. Abin da ke kayar da shi shi ne riƙe sakamakon matakin farko yayin da yake cikin na biyu. Da zarar an ba shi alli da allo sai nauyin riƙon ya koma kan allo, hankalinsa ya fuskanci mataki ɗaya kawai. Wannan shi ne aiki na farko da alama ke yi wa tunani, wato ɗauke nauyin tunawa. Aiki na biyu ya fi shi zurfi: alama mai kyau takan shimfiɗa dangantakar da ke tsakanin abubuwa a gaban ido, har mai kallo ya hango abin da bai je nema ba.

3.0 Lambobi da darajar gurbi

Samun allo kaɗai ba ya wadatarwa, domin abin da za a rubuta a kansa yana da nasa tasiri. A dubi lissafin da aka ambata a tsari biyu:

(1) XLVIII sau XXVII daidai da MCCXCVI
(2) 48 × 27 = 1296

A misali na (1), wanda tsarin Rumawa ne, alamar X goma ce a ko'ina ta faɗo, kuma babu hanyar jera lambobin biyu ɗaya bisa ɗaya a ninka su gaɓa gaɓa. Saboda haka Rumawa sukan yi lissafinsu da tsakuwoyi a kan allon ƙirga, sai an gama a rubuta amsa. Rubutun ya adana sakamako, amma bai taimaka wajen samunsa ba, kuma wanda ya zo daga baya ba shi da hanyar bin matakan ya gano inda aka yi kuskure.

Haka abin yake ga tsarin abajada da malamai suka sani, inda alif yake 1, ba 2, jim 3, dal 4, ya 10, kaf 20, ƙaf 100. Tsari ne mai amfani wajen ƙulla shekara a cikin kalma guda, kamar yadda marubuta waƙoƙi ke yi da ramzi a ƙarshen waƙa, amma ninkawa da rabawa da shi aiki ne ja. Ƙari a kan haka, darajar wasu haruffa ta bambanta: a lissafin Magariba, wanda aka fi bi a Afirka ta Yamma, shin ne 1000, a na Gabas kuwa gain ne.

A misali na (2) darajar lamba tana ga gurbin da ta zauna: gidan ɗaiɗai, ko na gomomi, ko na ɗaruruwa. Sifiri yana tsare gidan da babu kowa. Da alamomi goma kacal ana rubuta kowane adadi, kuma ƙa'idar da ta yi aiki a gida ɗaya ita ce za ta yi a sauran. Wannan tsari a Indiya ya tsiro. A shekarar 628 Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifiri. Wajen 825 Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya bayyana lissafin Indiyawa a Bagadaza, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan warware matsala. Leonardo na birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi tsarin a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya yaɗa shi a Turai da littafinsa Liber Abaci a 1202.

Ba a karɓe shi nan take ba. A 1299 ƙungiyar masu canjin kuɗi ta birnin Florence a Italiya ta hana membobinta amfani da sababbin lambobin a littattafan ciniki. Sai da aka yi ƙarnuka kafin alƙalami ya kori allon tsakuwa daga kantunan Turai. Darasin da ke nan ga mai tsara ilmi shi ne cewa fifikon tsari ba ya isa ya sa jama'a su rungume shi, muddin suna da wanda suka saba da shi kuma suka amince masa.

4.0 Daga zance zuwa alama: aljabara

Littafin aljabara na Alhawarizmi, wanda shi ne ya ba fannin sunansa, da zance zalla aka rubuta shi, babu alamar lissafi ko ɗaya. A irin wannan salo, matsala da maganinta sukan zo kamar haka:

(3) Wani adadi ne, in aka ninka shi da kansa, aka ƙara masa ninkinsa shida, sai a sami 40. A raba shida biyu, a sami uku. A ninka uku da kansa, a sami tara. A haɗa da 40, a sami 49. A ɗauki tushensa, bakwai ke nan. A ɗebe ukun farko, saura huɗu, shi ne adadin.

Hanyar daidai take, amma mai karatu yana bin ta ne kamar makaho da ɗan jagora. A rubutun yau ga yadda take:

(4) x² + 6x = 40
(x + 3)² = 49
x = 4

Alamomin da ke cikin (4) ɗaya bayan ɗaya aka tara su. Alamomin + da − sun fara fitowa a bugaggen littafi a 1489, a aikin Johannes Widmann na Jamus. Robert Recorde na Birtaniya ya kawo alamar = a 1557. A 1591 François Viète na Faransa ya sa wasula su wakilci adadin da ba a sani ba, baƙaƙe kuma su wakilci wanda aka sani. A 1637 René Descartes ya daidaita al'adar da ake bi har yau, wato x, y, z ga abin da ake nema, a, b, c ga abin da aka bayar.

Matakin Viète shi ne mafi girma, domin da shi aka iya rubuta x² + bx = c, wato dukan matsalolin da ke da wannan siffa a layi ɗaya. Daga nan tambaya ta tashi daga neman amsar matsala guda ta koma kan dangin matsalolin baki ɗaya: yaushe suke da amsa, kuma amsa nawa? Da wuya a yi wannan tambaya da salon misali na (3).

Wani misali ya fito daga lissafin sauyi, wanda Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus suka gano, kowa ta hanyarsa. Newton yakan ɗora ɗigo a kan harafi don nuna saurin sauyawarsa. Leibniz, a aikin da ya buga a 1684, ya yi amfani da dx da dy, har aka saba rubuta saurin sauyin y bisa x kamar kaso, wato dy/dx. A dubi wannan:

(5) dy/dx = dy/du × du/dx

Ma'anarsa ita ce, in y yana sauyawa ninki uku na saurin u, shi kuma u ninki biyu na saurin x, to y yana sauyawa ninki shida na saurin x. Ido yana ganin kamar du na sama da na ƙasa sun kashe juna, kuma abin da ido ya raya gaskiya ne, ko da yake tabbatar da shi yana bukatar hujja ta daban. Ɗigon Newton ba ya raya wa ido komai irin wannan. Masana lissafi na Ingila sun riƙe ɗigon fiye da shekara ɗari, har sai da Charles Babbage da John Herschel da George Peacock suka kafa ƙungiya a jami'ar Cambridge a 1812 domin shigo da alamomin Leibniz.

5.0 Iverson da harshen APL

Wanda ya fi kowa fayyace wannan batu a zamanin kwamfuta shi ne Kenneth Iverson, ɗan ƙasar Kanada (1920 zuwa 2004). Yana koyarwa a jami'ar Harvard ya ga alamomin lissafi na gado ba su da daidaito, sai ya shiga tsara nasa. Ya koma kamfanin IBM a 1960, ya buga tsarin a littafi a 1962, kuma a 1966 aka mayar da shi harshen da kwamfuta ke aiwatarwa, mai suna APL. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Turing, ya gabatar da lacca a kan matsayin alamomi na kayan aikin tunani, wadda aka buga a 1980.

A cikin laccar ya kawo siffofi biyar na tsarin alamomi nagari. Ga su a taƙaice: ya sauƙaƙa faɗin abin da matsala ta ƙunsa, ya riƙa raya wa mai aiki da shi wasu matsalolin masu kama da wadda ke gabansa, ya iya danne ƙananan bayanai har sai an bukace su, ya yi aiki mai yawa da alamomi kaɗan, ya kuma karɓi kafa hujja. Misalai daga APL za su nuna abin da ake nufi:

(6) ⍳5 yana ba da 1 2 3 4 5
(7) +/⍳5 yana ba da 15
(8) ×/⍳5 yana ba da 120
(9) +/⍳100 yana ba da 5050

Alamar ⍳ tana jero lambobi daga 1 zuwa adadin da aka ba ta. Alamar / tana cewa a saka aikin da ke hagunta a tsakanin dukan abubuwan da ke cikin jerin. Saboda haka (7) tarawa ce, (8) ninkawa ce. A lissafin gado kowanne daga cikin waɗannan yana da tasa alama dabam, har ɗalibi ya ɗauka ba su da dangantaka. A APL siffarsu ɗaya ce, kuma wanda ya ga (7) da (8) zai tambayi kansa ko wane aiki kuma za a iya sakawa a hagun /. In ya saka alamar da ke zaɓen mafi girma tsakanin lambobi biyu, sai ya sami mafi girma a jerin duka. Wannan ita ce siffa ta biyu da Iverson ya ambata. Ta uku kuma tana ga (9): a yawancin harsunan kwamfuta na wancan zamani sai an tanadi ma'ajin jimla, an sa masa sifiri, an umurci na'ura ta zagaya sau ɗari, alhali a nan duk wannan ya ɓuya a ƙarƙashin alama ɗaya.

Bambancin da kwamfuta ta kawo shi ne cewa alamar tana aiwatar da kanta. Wanda ya rubuta (4) a takarda shi zai duba ko ya yi daidai. Wanda ya rubuta (9) a na'ura yana samun amsa nan take, ya ga ko tunaninsa ya tsaya ko ya faɗi.

6.0 Fasalin manhaja

Tun a 1962 Douglas Engelbart, na cibiyar bincike ta Stanford a Amurka, ya rubuta rahoto a kan ƙarfafa basirar ɗan Adam da na'ura. Domin ya nuna tasirin kayan aiki a kan tunani, ya ɗaure fensir da bulo ya yi rubutu da shi. Rubutun ya zama manya manya, a hankali, ga gajiya. Hujjarsa ita ce, in nauyaya alƙalami yana rage abin da mutum zai iya tsarawa a rubuce, to sauƙaƙa shi zai ƙara. Ranar 9 ga Disamba 1968 ya nuna wa taro a San Faransisko yadda ake gyara rubutu a fuskar na'ura, da tsallakawa daga wata takarda zuwa wata ta mahaɗi, da ɗan linzamin nuni da aka laƙaba wa suna ɓera.

Manhajar da ta kai wannan tunani ga talakan ma'aikaci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979 don kwamfutar Apple II. Bayanta Lotus 1-2-3 ta zo a 1983, Excel kuma a 1985. Fasalinta jadawali ne mai layukan kwance da na tsaye, inda kowane gida yake da suna, kamar B1 ko C7. Tsara lambobi a gidaje don a ga dangantakarsu ba sabon abu ba ne. Malamin nan na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, yadda jimlar kowane layi za ta zo ɗaya. Sabon abin da VisiCalc ta kawo shi ne cewa gida yana iya ɗaukar ƙa'ida maimakon lamba, kuma in aka sauya gida ɗaya duk gidajen da suka dogara da shi sai su sauya da kansu.

A ɗauki magatakardan ƙungiyar manoma da ke sayen gyaɗa daga mutum ɗari biyu. In farashin kilo ya sauya, a takarda sai ya sake ninkawa sau ɗari biyu. Saboda wahalar haka ba zai tambayi kansa abin da zai faru in farashi ya faɗi ko kuɗin mota ya hau ba, sai abin ya auku. A jadawalin kwamfuta gida ɗaya zai taɓa. Tambayar da a da take cin yini guda ta koma ta ƙiftawar ido, don haka ake yin ta sau da yawa, kuma mai yin ta yakan fara gane waɗanne lambobi ne ke juya ribar ƙungiya. Har ila yau, yana aiki da aljabara ba tare da an koya masa x ba, domin sunan gida ya tsaya a matsayinsa.

7.0 Abin da alama ke ɓoyewa

Duk tsarin da ya danne wani bayani don ya fito da wani, yana iya danne abin da ake bukata. Jadawalin kwamfuta yana nuna sakamako, ƙa'idar kuwa tana ɓoye a bayan gida. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga nazari a kan bashin ƙasa da bunƙasar arziki, wanda ƴan siyasa da dama suka kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, da malamansa suka duba jadawalin, suka tarar ɗaya daga cikin matsalolinsa ita ce ƙa'idar fitar da matsakaici ta tsallake ƙasashe biyar daga cikin ashirin.

Wani lokaci kuma manhaja takan yanke hukunci a madadin mai ita. Excel takan ɗauki sunayen wasu ƙwayoyin gado, irin su SEPT2 da MARCH1, a matsayin kwanan wata, ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2016 ya sami irin wannan ɓarna a wajen kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, suka koma SEPTIN2 da MARCHF1. Ma'ana, ilmi ne ya karkata don ya dace da kayan aiki.

APL ma ta gamu da irin wannan. Alamominta ba sa cikin haruffan tafireta, sai da IBM ta ƙera mata ƙwallon bugu na musamman, wasu alamomin ma sai an buga biyu a wuri guda. Tana kuma karanta lissafi daga dama zuwa hagu, ta yadda 2×3+4 yake ba da 14, alhali ɗan makaranta 10 ya sani. A 1990 Iverson da Roger Hui suka fitar da harshen J, wanda ya tsaya ga haruffan da ke kan kowane allon bugu.

8.0 Abin da ya shafi rubutun Hausa

8.1 Baƙaƙe masu ƙugiya. Matsalar APL da allon bugu ita ce matsalar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Waɗannan baƙaƙe su ke raba bari da ɓari, daka da ɗaka, kasa da ƙasa. An tattauna haruffan harsunan Afirka ta Yamma a taron Bamako na 1966, aka yi taron daidaita rubutun Hausa a Yamai a 1980, kuma dokar 1999 ta tsayar da ƙa'idar Nijar, wadda ke rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. A zamanin tafireta sau da yawa da alƙalami ake ƙara ƙugiya bayan an gama bugu. Tsarin ASCII na 1963, mai gurbi 128, bai san da su ba. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lamba, amma wannan bai kashe maganar ba. Manhajar da ke jera kalmomi bisa lambar harafi kawai takan kai ƙasa da ɗaki bayan z, kuma mai neman ƴanci a taskar rubuce-rubuce ba lalle ya sami 'yanci ba. Mai binciken da ke ƙirga kalmomi a irin wannan taska yana iya samun adadin da ba daidai ba, na'ura kuwa ba za ta gargaɗe shi ba.

8.2 Karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum ba ya nuna su. "Gari" yana iya zama gàrii na zama ko gàarii na tuwo, "ya tafi" kuma yana iya zama yaa tàfi, wato ya riga ya tafi, ko yà tàfi na umurni. Ga mai harshen wannan danne bayani ne mai amfani, domin jimla takan warware shubuha, kuma rubutu ya yi sauƙi. Ga mai ƙamus, da mai koyon harshe, da manhajar da ke karanta rubutu da murya, bayanin da aka danne shi ne ake bukata. A takarda dole a zaɓi ɗaya. A kwamfuta ana iya adana cikakkiyar siffa a nuna taƙaitacciya. Cire alamar karin sauti aikin na'ura ne na daƙiƙa guda, amma mayar da ita inda ba a rubuta ba sai da masani. Saboda haka ya kamata duk ƙamus da taskar matani da za a tara a adana su da cikakkiyar alama.

8.3 Dala da tamma. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa. Ƙwandalar da aka rubuta wa 100 dala ashirin ce a baki, takardar 1000 kuma jika ce. Manomin da ya ƙware da lissafin dala a ka, in ya shiga ajin yaƙi da jahilci, yakan tarar abin da ake rubutawa ba shi ne abin da ake faɗi ba: a rubuta 375, a ce dala saba'in da biyar. Kowane adadi sai ya raba shi biyar ko ya ninka shi biyar kafin ya fara ainihin lissafin, wato an ƙara wa hankalinsa kaya maimakon a rage. Littafin da ya yi shiru a kan wannan zai sa a zargi ɗalibi da rashin fahimta, alhali laifin na tsarin ne. Jadawali mai layi biyu, na dala da na tamma gefe da gefe, yana mayar da nauyin kan takarda, kuma a manhajar ajiyar kuɗin ƙungiya abu ne mai sauƙi a bar mutum ya shigar da ɗaya na'ura ta nuna masa duka biyu.

8.4 Waƙafi da aya a cikin lamba. A al'adar Faransanci 1,250 ɗaya ne da rubu'i, a ta Ingilishi kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne. Hausawa suna zaune a ɓangarorin biyu na wannan iyaka, suna kuma ciniki da juna, manhaja kuwa takan fassara waƙafin bisa harshen da aka saita ta a kai. Littafin lissafi na Hausa yana bukatar ya faɗi ƙa'idar da ya bi a fili tun shafin farko, ya kuma koyar da cewa akwai ɗayar.

9.0 Kammalawa

An ga cewa alama takan faɗaɗa tunani ta hanya biyu, wato ɗauke nauyin tunawa da bayyana dangantaka ga ido, kuma manhaja ta ƙara ta uku, ita ce mayar da amsa nan take. An kuma ga cewa kowane tsari yana ɓoye wani abu, kuma inda alama ta ci karo da na'ura sau da yawa alama ce ke ba da kai. Saboda haka, kafin a tsayar da wata ƙa'idar rubutu, ko fasalin shafin littafi, ko allon bugu, ya dace kwamitin da abin ya shafa ya amsa tambayoyi uku. Me wannan tsari ya ɗauke wa mai aiki da shi? Me ya ɓoye masa, kuma ta yaya zai gano shi in ya bukata? Zai shiga na'urorin da ke hannun jama'a ba tare da an yanke masa wani sashe ba? Amsar waɗannan ba ta samuwa a ɗakin taro kaɗai. Sai an kai tsarin aji da kasuwa, an ba masu koyo aiki na gaske da shi, an ƙirga lokacin da suka ɗauka da kurakuran da suka yi, an kwatanta da tsarin da ake son a maye gurbinsa.